Jirgin Ƙasa A Kan Jirgin Ruwa: Abin Da Mai Neman Asalinsa A Kafanchan Ya Kamata Ya Karanta

Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana da wata magana da takan maimaita duk lokacin da aka tambaye ta yaushe mahaifinta ya zo Kafanchan. Ba ta san shekara ba, ba ta kuma taɓa riƙe wata takarda da ke ɗauke da kwanan wata ba. Amsarta dai guda ce: “Baffa ya sauka garin nan ne a zamanin da ake ɗora jirgin ƙasa a kan jirgin ruwa.” Takan ƙara da cewa da idonsa ya ga ana tura taragu bisa wani ƙaton jirgin fito, shi kuwa yana tsaye a gefe, ya rungume jakar kuɗinsa yana ta salati har aka haye.

Mu jikoki dariya muke yi, mun ɗauka irin tatsuniyar tsofaffi ce. A iya saninmu daga ƙasar Zazzau Baffa ya fito, kuma tsakanin Zariya da Kafanchan babu kogin da ya kai a ɗora masa jirgin ƙasa. Sai bayan rasuwarta da shekaru na ci karo da bayanin jirgin fito na Makurɗi a wani littafin tarihin reluwe. A ranar na gane cewa tsohuwar nan ta bar mana shekara, ta bar mana hanya, har ma da alamar wani reshe na zuri’armu da ba mu san da shi ba. Mu ne ba mu iya karanta abin da ta bari ba.

Da yawa daga cikin ma’aikatan da ke cika ofisoshin gwamnatin tarayya a Abuja suna da irin wannan magana a gidajensu. Kowa ya cike gurbin jihar asali da ƙaramar hukuma sau ba adadi, tun daga takardar ɗaukar aiki har zuwa tantancewar fansho. Amma idan aka ce ya faɗi inda kakansa ya kwana kafin ya iso garin da ake kira nasu, sai magana ta tsaya. Sai a 1979 aka yi dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin ƙasar nan, don haka akasarin iyaye da kakanni ba su bar takardar haihuwa ba. Abin da suka bari shi ne labarin tafiya, kuma a Kudancin Kaduna rabin labarin tafiya na layin dogo ne. Wanda ya san yaushe aka shimfiɗa kowane layi, da inda ya tsaya, da waɗanda suka yi aikinsa, ya samu ma’aunin da zai auna maganar tsofaffin gidansu.

Garin da jirgi ya raina

Kafin zuwan jirgi yankin ƙasar mutanen Fantswam ce, kuma daga sunansu ne bakin Hausawa ya samar da Kafanchan. Suna maƙwabtaka da Bajju da Agworok na Kagoro da Nikyob da Gwong da Ham da Atyap da Asholio da sauransu. A kudu kaɗan akwai tsohon garin Jama’ar Dororo, hedikwatar masarautar Jama’a, wadda Malam Usman ya kafa a farkon ƙarni na 19 ƙarƙashin Zazzau.

Layin dogo bai fara ta nan ba. Na farko a Arewa shi ne wanda aka ja daga Baro, a bakin Kwara, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Legas suka koma ƙarƙashin hukuma guda. Kuzar Filato kuma aka yi mata wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914. Layin gabas daban ya taso: daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, sannan ya ci gaba da hawowa arewa ta Makurɗi da Lafiya. Zuwa 1927 an haɗe shi da Kaduna, an kuma fitar da reshe daga Kafanchan ya hau tsaunuka ta Kagoro da Manchok zuwa Jos. Daga nan Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyi uku: ta Kaduna, ta Jos, da ta Fatakwal.

Mahaɗa kuwa tana cin mutane. Ana bukatar direbobi da masu zuba kwal da makanikai da akawuna da masu duba layi da leburori da helmominsu. Bayansu sai masu sayar da abinci da mahauta da teloli da dillalan citta da fatake da malamai da ’yan mishan. Ibo da Yarbawa da Nufawa da Tibi da Hausawan Kano da Katsina da Zazzau suka sauka, mutanen ƙauyukan kewaye su ma suka gangaro neman kuɗin haraji. A 1933 Sarkin Jama’a Muhammadu ya taso da fadarsa zuwa Kafanchan. Bayan an miƙa layi daga Kuru zuwa Bauchi da Gombe har Maiduguri, aikin da aka gama a 1964, sai mai zuwa Borno daga Legas ko Fatakwal ma ya zama dole ya ratsa ta nan. Har yau garin ne hedikwatar shiyyar Arewa ta Tsakiya ta Hukumar Jiragen Ƙasa, ko da yake shiru ya fi ƙarar jirgi yawa a tashar.

Ko sunayen garuruwa suna ba da shaida. Akwai Jagindi Gari, akwai Jagindi Tasha. Duk inda aka ga an raba suna haka, to jirgi ne ya ja wani sabon gari zuwa bakin layi, kuma sanin a wanne ne kakan mutum ya zauna yana iya nuna ko noma ya riƙe shi ko kasuwa ta kawo shi.

Fito biyu: Jebba da Makurɗi

A tarihin reluwe na Najeriya wurare biyu ne aka yi fiton taragu. Na farko a Jebba, inda layin Legas ya iso bakin Kwara a 1909. Kogin ya rabu biyu a wurin, ya bar tsibiri a tsakiya, kuma kafin a gama gada sai da jirgin ruwa ake tsallakar da taragu. Zuwa 1916 an kammala gadar, fito ya ƙare. Na biyu a Makurɗi, inda Binuwai ta datse layin gabas. Nan ma jirgin fito ne ya riƙa ɗaukar taragu daga wannan gaɓa zuwa waccan, har zuwa 1932 da aka buɗe babbar gadar da kamfanin Sir William Arrol na Birtaniya ya gina.

Da waɗannan shekaru sai maganar kakata ta warware kanta. Idan a Jebba ne Baffa ya ga fito, to kafin 1916 ke nan, lokacin da babu tashar jirgi a Kafanchan balle ya sauka a cikinta. Saura Makurɗi. Wanda ya haye Binuwai a jirgin fito sannan ya sauka a tashar Kafanchan, zuwansa ya faɗa ne tsakanin wajajen 1927 da 1932. Abin da a da muke cewa “tun zamanin Turawa” ya dawo tazarar shekara biyar kacal.

Abu na biyu ya fi nauyi. Mai tasowa daga Zariya ba ya haye Binuwai. Ashe Baffa daga kudu ya shigo garin, ba daga arewa ba. Da na kai wannan lissafi gaban wani kawunmu da ya haura tamanin, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce gaskiya ne: tsohon ya yi shekaru yana fataucin shanu zuwa ƙasar Ibo kafin ya zauna, kuma manya sun sha faɗa a asirce cewa ya bar mata da ɗa a unguwar Hausawa ta Makurɗi. Kawu ya san wannan tun yana saurayi. Ba wanda ya taɓa yi masa tambayar da za ta fito da ita.

Wannan shi ne amfanin karatun. Littafin tarihin jirgi ba zai kawo sunan kakan kowa ba, sai dai idan babban ma’aikaci ne. Abin da yake yi shi ne ya koya wa mutum tambayar da ta dace, ya kuma hana shi karɓar labarin da shekaru suka ƙaryata.

Littattafan jirgi da na ma’aikatansa

Wurin farawa shi ne The History of the Nigerian Railway na Francis Jaekel, wanda kamfanin Spectrum na Ibadan ya buga cikin juzu’i uku a 1997. Jaekel Bature ne da ya yi shekaru masu yawa yana aiki a reluwen Najeriya, kuma da sunansa ake kiran gidan tarihin jirgi da ke Ebute Metta a Legas. Littafin ba na karantawa daga bango zuwa bango ba ne. Na dubawa ne: yaushe aka buɗe wane sashe na layi, wace gada, wace tasha, wane irin kan jirgi. Idonsa idon ma’aikacin hukuma ne, ya fi kula da ƙarfe da injin fiye da leburan da ya ɗauki ƙarfen.

Don haka sai a haɗa da waɗanda suka rubuta tarihin leburan. Wale Oyemakinde na Jami’ar Ibadan ya yi bincike mai zurfi kan ma’aikata ’yan ƙasa a reluwe daga 1895 zuwa 1945. Michael Mason ya rubuta maƙala a 1978 kan aikin tilas da aka yi wajen gina layin Baro zuwa Kano, yadda ake rarraba wa hakimai da dagatai adadin mutanen da za su kawo. Duk gidan da ake cewa kakansu “ya tafi aikin diga bai dawo ba”, a irin waɗannan rubuce-rubuce zai fahimci yadda aka tafi da shi. Shehu Tijjani Yusuf kuma, a binciken digirinsa na uku a Jami’ar Leiden ta ƙasar Holan, ya bi ƙauyukan bakin layi tsakanin Kano da Zariya yana nuna yadda tasha ke sauya gari. Ba Kafanchan ya rubuta ba, amma salon aikinsa, wato haɗa fayil da hirar tsofaffi, shi ne wanda mai binciken gidansu zai kwaikwaya.

Jirgi da kuza ba sa rabuwa a wannan yanki. Littafin Bill Freund, Capital and Labour in the Nigerian Tin Mines, na 1981, ya yi bayanin yadda ake samo ma’aikatan haƙar kuza a Filato, har da ɗiban gwamna na 1942 zuwa 1944, lokacin da aka tilasta wa dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Iyalai da dama da suka ƙare a Kafanchan ko Godogodo ko Bukuru, farkon barinsu gida ke nan. Haka kuma duk wanda aka ce masa kakansa ya shiga babban yajin aiki, to mai yiwuwa na 1945 ake nufi, wanda ma’aikatan jirgi ƙarƙashin Michael Imoudu suka zama ƙashin bayansa.

Littattafan ƙasa da mutanenta

Kashi na biyu shi ne abin da aka rubuta kan yankin kansa. Gazetteer of the Plateau Province da C. G. Ames ya tattara a 1934 yana da sashe kan Jama’a, domin a lokacin tana ƙarƙashin Lardin Filato. S. J. Hogben da A. H. M. Kirk-Greene, a The Emirates of Northern Nigeria na 1966, sun kawo tarihin masarautar da jerin sarakunanta, abin da ke da amfani ƙwarai domin tsofaffi sukan auna lokaci da zamanin sarki. C. K. Meek ya yi dogon babi kan Atyap da maƙwabtansu a Tribal Studies in Northern Nigeria na 1931, Harold Gunn kuma ya tattara bayanan ƙabilun yankin a 1956. A cikinsu ake samun sunayen zuri’o’i da ƙauyuka da dokokin aure, waɗanda ke taimakawa wajen gane dalilin da ya sa wane gida ba ya auren wane gida.

Dole a karanta su da taka-tsantsan. Ma’aikatan mulkin mallaka ne ko masu yi masa hidima suka rubuta mafi yawansu, sau da yawa ta bakin tafinta, kuma da kalmomin raini. Misali mafi muni shi ne littafin A. J. N. Tremearne na 1912, wanda ya yi aiki a Jama’ar Dororo, wanda tun daga sunansa cin mutuncin mutanen yankin ne. Duk da haka ya ga wurin kafin zuwan jirgi, ya kuma ambaci garuruwa da hanyoyin ƙafa da yanzu sun shafe. A ɗauki sunan wuri da kwanan wata, a bar masa hukuncinsa.

Maganin wannan son zuciya shi ne a ji daga ’yan ƙasa. Yusufu Turaki, a The British Colonial Legacy in Northern Nigeria na 1993, ya duba yadda mulkin Turawa ya jera al’ummomin Kudancin Zariya, wasu a sama wasu a ƙasa. Toure Kazah-Toure ya bi tushen rikice-rikicen Jihar Kaduna a littafinsa na 2003. Government in Zazzau na M. G. Smith, 1960, yana bayyana alaƙar Jama’a da Zariya ta fuskar sarauta. Matarsa Mary Smith kuwa ta rubuta Baba of Karo a 1954, tarihin rayuwar wata dattijuwa Bahaushiya kamar yadda ta faɗa da bakinta. Wannan na ƙarshe ya cancanci karatu ko don a ga yawan tarihin da ke cikin kan tsohuwa guda idan an zauna an saurare ta.

Akwai wata taska da ba a cika tunawa da ita ba: kundayen kammala digiri na ɗalibai. A sashen tarihi na Jami’ar Ahmadu Bello da na Jami’ar Jos da Jami’ar Jihar Kaduna da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ɗalibai sun daɗe suna rubuta tarihin garuruwansu. Wasu kundayen ba su da ƙarfi, amma a bayansu akan samu sunayen dattawan da aka yi hira da su, da shekarunsu, da ranar hirar. Yawancin waɗannan dattawa sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba mamaki mutum ya tarar da kakansa a ciki. Tsofaffin jaridu ma haka: Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, Nigerian Citizen tun daga 1948, da New Nigerian tun daga 1966, sun buga labaran canjin wurin aiki da haɗurran jirgi da wasiƙun masu karatu daga garuruwan bakin layi.

Daga littafi zuwa fayil

Bayan karatu sai takardun asali. Babban wurinsu shi ne ofishin Ma’adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ɗaya daga cikin manyan rassa uku tare da na Ibadan da Inugu, na hukumar da Kenneth Dike ya assasa a 1954. Kusa da shi akwai Gidan Arewa, cibiyar bincike ta Jami’ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Daga Abuja tafiyar yini guda ce, zuwa da dawowa.

Abu biyu ke ɓatar da sabon shiga. Na farko, an jera fayilolin ne bisa lardunan da, ba jihohin yanzu ba. Jama’a ta zauna a Lardin Nasarawa, a 1926 aka mayar da ita Filato, daga baya ta koma Zariya. Wanda ya tsaya kan fayilolin Zarprof kaɗai, wato na Lardin Zariya, zai rasa shekarun da aka gina tashar Kafanchan, domin akasarinsu suna cikin Josprof, wasu kuma cikin SNP, fayilolin sakatariyar Lardunan Arewa. Na biyu, sunayen da ke kan fayil ba su ne waɗanda al’ummomin ke kiran kansu da su ba. Bajju za a same su a Kaje, Atyap a Katab, Ham a Jaba, Gwong a Kagoma, Nikyob a Kaninkon, Asholio a Moroa, Adara a Kadara. Jama’a kanta an fi rubuta ta Jemaa. Sunan mutum ma haka akawu ya ji, haka ya rubuta, don haka a gwada kowane salon rubutu.

Abin da ake nema a ciki ya haɗa da rahoton ƙiyasin haraji na gundumomi, wanda ke kawo ƙauyuka da masu unguwanni, da fayilolin rabon filaye a garin Kafanchan, da lasisin kasuwanci, da ƙorafe-ƙorafen da mutane suka rubuta wa Razdan ko Di’o. Littattafan kotun alƙali, inda suka tsira, suna ɗauke da shari’un gado da aure, kuma shari’ar gado guda tana iya jero sunayen gida gaba ɗaya.

Wanda kakansa cikakken ma’aikacin jirgi ne ya fi kowa sa’a, domin hukumar, wadda ta koma kamfanin gwamnati a 1955, tana buɗe wa ma’aikatanta fayil. Lisa Lindsay, ’yar tarihi daga Amurka, da irin waɗannan fayiloli na Ebute Metta ta rubuta littafinta na 2003 kan ma’aikatan jirgi da iyalansu. Fayil yakan nuna ranar ɗauka, da garin asali, da tashoshin da aka tura mutum, da wanda ya rubuta a matsayin magajinsa. Mabuɗinsa lambar aiki ce, don haka kafin a je ko’ina a buɗe tsohuwar adakar gida a nemi katin fansho ko takardar izinin tafiya kyauta da ake bai wa ma’aikata. Leburan wucin gadi kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, ba kasafai suka bar irin wannan sawu ba.

Ga iyalai Kiristoci, rajistar coci ta fi ta gwamnati tsufa. Mishan ɗin SIM, wadda cocin ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta zauna a Kwoi tun 1910, a Kagoro kuma tun 1927. Katolika da Angilika su ma suna da littattafan baftisma da na ɗaurin aure, masu ɗauke da sunan uba da uwa da ƙauye. Ga Musulmi, a duba bangon tsofaffin littattafan malaman gida, inda akan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa da ajami bisa lissafin Hijira.

Abu guda ne bai kamata a sa rai da shi ba. Ba’amurke yana iya nemo sunan kakansa a jerin fasinjojin jiragen ruwan da suka sauka a Tsibirin Ellis na New York, inda baƙi kimanin miliyan 12 suka ratsa tsakanin 1892 da 1954. Jirgin ƙasanmu tikiti yake sayarwa, ba ya rubuta sunan fasinja. Fasinjan da ya sauka a Kafanchan sai dai a bi shi ta harajinsa, ko filinsa, ko shari’arsa, ko bakin waɗanda suka san shi.

Tsofaffi kafin takarda

Fayil zai iya jira wata shida, dattijo mai shekara tamanin da biyar ba lallai ya jira ba. Don haka a fara da hira, a naɗa a waya bayan an nemi izini, a kuma ji mata daban, domin su ne suka fi riƙe lissafin aure da haihuwa da goyo. Kada a ce “a wace shekara?” A ce: “Baba, da kuka zo an yi gadar Makurɗi?” “Inna, Sarki yana Kafanchan ko yana tsohon gari?” “Jirgin Jos ta Zariya kuka hau ko ta nan?” Wannan tambaya ta ƙarshe tana da iyaka, domin an rufe siririn layin Zariya zuwa Jos a 1957. Sauran alamomin sun haɗa da yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniya a 1956, canjin hannun tuƙi a 1972, da fitowar naira a 1973. Kowace amsa a rubuta wanda ya faɗe ta da ranar da ya faɗa. Idan biyu suka saɓa, a ajiye duka, kada a zaɓi mai daɗin ji.

Inda ake taka sawu a hankali

A Kafanchan tambayar “daga ina kakanka ya zo?” ba wasa ba ce. A 1966 iyalai Ibo da yawa, waɗanda wasunsu a nan aka haifi ’ya’yansu, sun bar garin ta wannan layi ba su dawo ba. Rikicin Maris 1987 ya faro ne daga Kwalejin Ilimi ta garin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Katsina. A 1999 an zubar da jini kan naɗin sabon sarki, a 2011 kuma bayan zaɓe an ƙone kasuwa da gidaje. A ƙarƙashin duk waɗannan akwai gardamar ɗan ƙasa da baƙo, wadda tsarin rabon muƙamai na tarayya da takardar shaidar ƙaramar hukuma suka ƙara wa nauyi, domin a kanta ake samun gurbin aiki da na makaranta.

Saboda haka akwai masu shiga ma’adanar tarihi da niyyar neman makami. Irin wannan mai bincike yakan tsinci layin da ya yi masa daɗi ya rufe fayil. Wanda ya karanta har ƙarshe zai tarar da abin da bai dace da taken kowane ɓangare ba: cewa ƙasar tana da masu ita tun kafin a kafa ƙusar farko ta layin dogo, da cewa garin da ake gani yau hannaye da yawa ne suka gina shi, da cewa auratayya ta ratsa gidaje fiye da yadda ’yan siyasa ke so a tuna. Bahaushen da ya tono zai iya samun kaka Bajju ko Ham, ɗan Kagoro kuma ya tarar kakansa ya yi shekara goma yana aikin loko a Zariya ko Inugu. Wanda bai shirya jin haka ba, gara ya dakata har ya shirya.

Akwai kuma haƙƙin da ya rataya a wuyan masu karanta wannan shafi musamman. Ma’adanar Takardun Tarihi sashe ne na Ma’aikatar Yaɗa Labarai ta Tarayya, Hukumar Jiragen Ƙasa kuma tana ƙarƙashin Ma’aikatar Sufuri. Takardar da ta kusa shekara ɗari ba ta jure zafi da damina da gara. Masu tsara kasafi da masu rubuta wa minista ko sanata takardar shawara su ne ke iya sa a ware kuɗin ɗaukar hoton waɗannan fayiloli a adana a kwamfuta. Wanda kuma muƙaminsa ya buɗe masa ƙofar ɗakin ajiya, ya ɗauki hoto bisa ƙa’ida ya mayar da fayil inda yake, domin sunan kakan wani ma yana ciki.

Ni dai har yanzu ban gano ’yan’uwanmu na Makurɗi ba. Abin da ke hannuna shi ne sunan Baffa, da laƙabin da abokan fataucinsa ke kiransa da shi, da tazarar shekara biyar, da sunan unguwa. Kawu ya ce idan Allah Ya kai mu bayan Sallah zai raka ni, mu fara da gidan Sarkin Hausawa da tsofaffin dillalan shanu, mu ji ko akwai gidan da ake ba da labarin wani Bazazzagi da ya hau jirgi zuwa arewa bai komo ba. Ta mota za mu tafi, mu bi ta Akwanga da Lafiya. Na roƙe shi idan mun isa mu tsaya a bakin tsohuwar gada, in ga inda aka riƙa ɗora jirgin ƙasa a kan jirgin ruwa.